Tashen Gandi da Takardun 'Yan Fluxus

Da zarar azumi ya kwana goma, an fita daga goma ta marmari an faɗa goma ta wuya, sai gardamar tashe ta taso. Wasu su ce a hana, yara na gantali da dare, ɓata-gari na fakewa a cikinsu suna ƙwacen waya. Wasu su ce a bari, gadon iyaye da kakanni ne, kada ya ɓace a hannunmu. Rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sha fitar da sanarwar dakatar da shi a 'yan shekarun nan, kuma duk sa'ad da ta yi haka sai gidajen rediyo su buɗe layi, masu kira su rabu gida biyu. Na daɗe ina sauraren ɓangarorin nan, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda ba tare da sun lura ba. Dukkansu sun ɗauki tashe a matsayin abin da aka riga aka gama ƙerawa. Mai hanawa na ganin tsohon abu ne da ya zama fitina, mai karewa na ganin tsohon abu ne da za a killace. Babu mai tambayar yaushe rabon da a ƙago sabon tashe mai kyau, balle a tambayi wa ke da ikon ƙagowa.

Kafin mu zo Gandi ta Jihar Sakkwato, sai mun yi dogon zango zuwa Jamus. A watan Satumba na 1962, a garin Wiesbaden, wani ɗan asalin Lituwaniya mai suna George Maciunas ya tara abokansa suka yi bikin da suka ce na sabon kiɗa ne, suka raɗa wa tafiyar tasu suna Fluxus. Mutane suka zo da niyyar jin kiɗa. Sai ga Nam June Paik, ɗan Koriya, ya tsoma kansa cikin kwanon tawada, ya durƙusa yana ja da baya a kan wata doguwar takarda, yana zane da gashin kansa. Ba shi ya ƙago abin ba. Yana cika wani umarni ne na jimla guda da Ba'amurke La Monte Young ya rubuta a 1960, wanda bai nemi komai ba illa mutum ya zana layi ya bi shi. A bikin nan ne kuma suka far wa piyano da zarto da guduma har suka yi kaca-kaca da shi. Gidan talabijin ya nuna su cikin ba'a, wani kuma ya rubuta a jikin fastar bikin cewa mahaukata sun kuɓuce.

Abin yana da tushe. A ranar 29 ga Agusta, 1952, a Woodstock ta Jihar New York, makaɗi David Tudor ya zauna gaban piyano tsawon minti 4 da daƙiƙa 33 bai kaɗa ko da sauti ɗaya ba, bisa umarnin John Cage. Motsin iska da gunagunin 'yan kallo su ne kiɗan. Daga ajin da Cage ya koyar a New York a ƙarshen shekarun 1950 George Brecht ya fito da dabarar rubuta wasa a 'yar ƙaramar takarda, kamar a ɗiga ruwa cikin mazubi a saurara. Alison Knowles ta rubuta nata a 1962, cewa a haɗa kwaɗon ganye a gaban jama'a. Yoko Ono ta tara irin waɗannan umarce-umarce cikin littafinta Grapefruit a 1964, kuma a shekarar ce ta zauna a dandali a Kyoto ta ajiye almakashi, 'yan kallo suna tasowa ɗaya bayan ɗaya suna yankar tufar jikinta. Duk hayaniyar nan a kan ra'ayi ɗaya take. Aikin fasahar shi ne ƙa'idar da aka rubuta, ba abin da aka gani a daren ba. Kowa na iya ɗauka ya aikata, ba sai gwani ba, ba sai a babban zaure ba, kuma ba a taɓa yinsa sau biyu iri ɗaya.

To, duk wanda ya tashi a Gandi ko Rabah ko Wurno ya san wannan tsari tun bai iya ɗaura wando ba, sai dai nasa ba a takarda yake ba. Ɗauki wasan da ake kira Ka Yi Rawa. Ƙa'idarsa ba ta cika layi huɗu ba. A sami yaro guda a yi masa shigar malam, babbar riga ta aro tana jan ƙasa, rawani, gemun auduga da aka manna da ƙaro ko ragowar koko, allo a hammata, tasbaha a hannu. Sauran su kewaye shi su tuhume shi da cewa an gan shi yana rawa. Ya musa. Su nace, ya ƙara musawa, har a ƙarshe ya ɓarke da rawar da yake rantsuwar bai yi ba. Shi ke nan.

Amma dubi filin da aka bari a tsakiya. Ba a faɗi tsawon musun ba, ba a faɗi irin rawar ba, ba a ce malamin ya fusata ko ya marairaice ba. Nan ne ake gane yaro mai basira. Wani da an tuhume shi sau biyu sai ya hau tsalle, wasan ya mutu tun bai tashi ba. Wani kuwa zai ɗaure fuska tamau, yana jan tasbaha, yana hararar masu amshi, amma babban yatsan ƙafarsa ta hagu ya fara bin gwangwanin da ake kaɗawa. Sai ya taka yatsan da ɗaya ƙafar don ya hana shi. Sai kafaɗa ta karɓa. Kafin rawar ta kai ƙugu matan gida sun cika bakin zaure da dariya, ga gemu ya saɓule ya faɗi ƙasa, malam ya tsaya cak ya ɗauka ya kakkaɓe ya manna a karkace, ya ci gaba da musu. Babu wanda ya koya masa wannan, kuma gobe a ƙofar wani gida ba haka zai yi ba. Sannan a lura da abin da wasan ke faɗi, da lokacin da yake faɗinsa. A cikin wata mafi alfarma, wani sa'in a ƙofar gidan liman kansa, yara na nuna mutumin da bakinsa ke hani jikinsa na aikatawa, liman kuma ya sa a ba su sadaka. Marubuta nawa ne a cikinmu za su iya buga wannan magana a jarida da sunansu?

Ba na son a fahimce ni da cewa ina rera tsohuwar waƙar nan ta mu muka riga Turawa. Maganar ragwaye ce, tana sa mutum ya ji daɗi ya koma barci. Akwai bambance-bambance masu nauyi. 'Yan Fluxus tawaye suka yi wa manyan zaurukan kiɗa da dillalan zane, da gangan suke neman gundurar da ɗan kallo ko ruɗa shi. Ɗan tashe ba ya da wannan gata, domin alƙalinsa na tsaye a gabansa da ƙwaryar gero. Matar gida ce mai sharhi, kuma hukuncinta a ma'auni yake fita nan take. In wasa ya yi armashi ta cika hannu biyu, ta ƙara da 'yan kuɗi. In na kwaikwayo ne kawai sai ka ji daga cikin gida an ce, “Kai, ɗiyan ga, wanga mun gane shi jiya. Ba ku da wani?” Wannan tambaya tata ta fi duk abin da nake ji a rediyo zurfi, don ita ce kaɗai ke neman sabo.

Sai dai akwai darasi a ƙarshen 'yan Fluxus da ya kamata ya tsorata masu cewa a adana. 'Yan takardun da aka rubuta don kowa ya ɗauka ya yi wasa da su, yau suna cikin gilashi a gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York, mai gadi na tsaye kada a taɓa. Namu gilashin shi ne ranar al'adu ta makaranta da bikin da hukuma ke shiryawa, inda ake yin tashe da rana tsaka a kan dandamali, an kai kayan wasan wurin tela, babban baƙo na duba agogo. Ana kiran wannan raya al'ada. Ni dai ban taɓa ganin gemu ya faɗi a irin wurin nan ba.

Kuma ba tashe kaɗai ba ne. 'Yan kama sun daɗe suna ɗaukar salon karatun malamai suna cusa masa tuwo da miya da fura. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu. A Damagaram, masu wasan kara kan fito a matsayin gwamna da ministoci da sojoji, da bindigogi da na'urorin ɗaukar hoto na karan dawa. Mafi ban mamaki shi ne abin da ya faru a ƙasar Filinge ta Nijar wajen 1925, inda 'yan Hauka suka fara hawan iskokin da ke da siffar jami'an mulkin mallaka, suna fareti suna ba da oda. Kwamandan Faransa na Yamai, Crocicchia, ya sa aka kulle su, sai ga shi shi ma ya shiga jerin iskokin da sunan Kwamanda Mugu. Ba aƙidarsu nake karewa ba, kuma su a wurinsu ba wasa ba ne. Abin lura shi ne lokacin da Jean Rouch ya ɗauki 'yan ci-raninsu a Ankara ta ƙasar Gana ya fitar da fim ɗin Les Maîtres fous a 1955, manyan masu sabunta wasan kwaikwayo na Turai irin su Jean Genet da Peter Brook sun ɗebi abin da suka ɗiba daga ciki. Su sun tsaya sun duba yadda abin ke aiki.

Mu ma an taɓa tsayawa an duba, a Zariya. A can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta bijire wa manhajar zane ta Ingila. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton da abokan aikinsa suka kafa sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, aka gina musu dandali na ƙasa irin ginin Hausa wanda Steven Ehrlich ya zana, daga baya suka riƙa fita Samaru da Soba da Bomo da ƙashin labari kawai, manoma su cika sauran da bakinsu. Shahararren makaɗin Amurka Yusef Lateef ya zauna a jami'ar daga 1981 zuwa 1985, shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. Jelili Atiku, wanda aka kama a Ejigbo ta Legas a Janairun 2016 bayan wani wasan titi da ya yi, ɗalibin Zariya ne. Matsalar ita ce kusan duk wannan tattaunawa da Ingilishi aka yi ta, a mujallun da ba su taɓa ƙetare ƙofar jami'a ba. Rubutaccen wasan Hausa kuwa, tun daga wasanni shida na R. M. East a shekarun 1930 zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, hanyar aji ya bi, inda ake rubuta wa ɗan wasa kowace kalma. Waɗanda suka tattara wasannin tashe, irin su M. B. Umar, sun yi aikin da za a gode musu, amma abin da ya shiga hannun ɗalibai shi ne baitocin da za a haddace don jarrabawa.

Shi ya sa idan sabon abu ya ɓullo a fagen wasa, tambaya biyu kawai muke da ita. Ya halatta? Zai kawo rikici? Da su aka binne shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta Jihar Kano a 2016. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara saboda barkwancin da suka yi da gwamnan lokacin. Tambayoyin nan biyu na da muhalli, ni ma ina yin su, kuma al'ummar Musulmi ba za ta daina yin ta farko ba. Amma a tuna, mutanen ƙasar da Wurno take, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka rufe shi a 1837, ba baƙin gardama mai hujja ba ne. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi ba su yi magana da baki ɗaya kan kiɗa da ganguna ba, Shehu ya sassauta a littafinsa Najmul Ikhwan kan wasu abubuwan da Abdullahi ya tsananta, kuma kowannensu ya rarrabe wane kiɗa, a wane wuri, don wace manufa. Wannan rarrabewar ce ta ɓace mana. Da tana nan, da an iya cewa wancan barkwanci na TikTok ya yi kaifi ko ya yi lami, ya soki aiki ko ya ci mutunci, kafin a kai ga dorina. Ga shi kuwa abin da matasa ke kira gasa a TikTok ɗin ma ƙa'ida ce gajera da kowa ke ɗauka ya cika da nasa salo. Ƙirƙirar ba ta mutu ba, waya ta koma, inda babu matar gida mai ƙwarya, sai na'urar da ke saka wa duk wanda ya fi rashin kunya.

Yanzu mu dawo Gandi, inda maganar ta fi ɗaci. Tashe na buƙatar abu uku: dare, da 'yancin taka ƙafa daga ƙofa zuwa ƙofa, da ɗan rarar hatsi a rumbu. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a gundumar Gandi, suka kashe mutum sama da 30, waɗanda suka tsira suka kwararo cikin garin Gandi aka yi musu sansani. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo. Wata guda bayan haka aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. A ƙauyen da ake rufe ƙofa da an sha ruwa, wanda gonarsa ta nesa ta gagari noma, ba a buƙatar sanarwar 'yan sanda kafin tashe ya tsaya. Gardamar a hana ko a bari gardamar 'yan birni ce.

Amma yara ba sa daina kwaikwayo don duniya ta ɓaci, abin da suke gani shi suke kwaikwaya. A nan ne nake ganin za a gwada mu. A ce wani azumi yara biyar a Gandi su fito da wannan ƙa'ida, wadda ni na ƙaga don misali. Biyu su naɗe fuska da tsumma, su rataya bindigar kara. Su zo da gwauro ɗaure da igiya, irin wanda tashe ya saba tsokana. Ɗaya ya kara wayar kara a kunne yana neman kuɗin fansa daga masu gida. Masu amshi su ce ba wanda ya san shi, ba mata ba ɗa, ku riƙe abinku. Farashi ya yi ta sauka, gwauro kuma ya yi ta cin guzurin ɓarayin yana neman ƙari, har su koma roƙon a karɓe shi kyauta, a ƙarshe su ne za su biya.

Me za mu ce? Na san za a sami mai cewa wannan wasa ne da jinin mutane, a garin da kusan kowane gida ke da wanda aka ɗauka ko aka kashe. Ba ƙaramar magana ba ce, kuma idan uwar da ta sayar da gona ta fanshi ɗanta ta ce kada a yi shi a ƙofarta, ta fi ni gaskiya. Za a sami mai cewa akwai masu kai rahoto daji, kada a ja wa yara da iyayensu bala'i, wannan ma dattawan gari ne za su auna, ba mai sharhi daga nesa ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce a hana don ba a gada ba. Wasan Jatau Mai Magani ma wata rana sabo ne, wani yaro ne ya kalli mai tallar sassaƙe a kasuwa ya ga abin dariya. Kuma a ganina wasan da ya mai da ɗan bindiga wawan da gwauro ya cuta ya fi amfani ga yaron da ke firgita cikin barci, a kan wanda zai sa shi ya saɓa sanda yana kwaikwayon ɗan bindigar a matsayin gwarzo. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai faɗi, kuma tambayar halal da tambayar tsaro kaɗai ba za su nuna ta ba. Sai an kalli wasan an ga wa ake yi wa dariya.

Abin da za a ara daga 'yan Fluxus ɗan kaɗan ne, wato rubuta ƙa'idar a gajarce a bar tsakiyar a buɗe. Malamin firamare a Gandi ko Goronyo na iya ware littafin rubutu guda, duk wasan da yara suka zo da shi ya rubuta ƙashinsa cikin layi huɗu ko biyar, da shekara da sunan gari, ban da sunayen yaran saboda halin da ake ciki. Tsoho da sabo duka, har da wanda bai yi armashi ba. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke neman abin rubuta kundi su bar kwafar jerin wasannin da aka riga aka buga, su je su tambayi wane wasa ne ya ɓullo bayan 2018, wane ne ya mutu, wane ne aka sauya wa ƙarshe. Gidan Rediyon Rima kuma, maimakon buɗe layi kan a hana ko a bari, ya karanta ƙa'ida guda a daren goma ga wata, ya ce yaran Wurno da na Rabah da na sansanonin gudun hijira kowa ya yi ta yadda ya ga dama, ko da a tsakar gida ne kafin a rufe ƙofa, sannan a kira matan da aka yi wasan a gabansu su faɗi na wa ya fi, da dalili.